Wane suna za mu raɗa wa allurar nan?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Ranar nan a ɗakin haihuwa, ungozoma ta ce wa mijin wata mai cikin wata bakwai, wadda faya ta fashe mata, za a yi wa matarsa sitiroyid. Bawan Allah ya zaro ido: "Baba, irin na 'yan ɗaga ƙarfe?" Da aka ce masa deksa ce, wato maganin dexamethasone, sai abin ya ƙara dagulewa, don shi deksa a wurinsa sha-ka-fashe ce, ta masu neman ƙiba.

2/ Ga aikinta. Huhun bakwaini bai gama haɗa wani ruwa mai santsi kamar sabulu ba, wanda ke hana 'yan jakunkunan iska mannewa. Shi ya sa za ka gan shi a kwalba yana nishi, haƙarƙari na lotsawa. Idan haihuwa ta taho tsakanin mako 24 da 34, uwa ake yi wa allurar, miligiram 6 sau huɗu, awa 12 tsakani, don huhun ɗan ya yi saurin samar da ruwan.

3/ A jikin tumaki wani likita, Graham Liggins, ya fara lura da haka a Niyu Zilan, kafin shi da wani likitan, Ross Howie, su wallafa gwajinsu kan mata a 1972. Gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, wanda Nijeriya ke ciki, ya nuna tana rage mutuwar bakwaini.

4/ Wani ya ce a kira ta "allurar bakwaini". Tana da daɗin faɗa, amma sai a ɗauka jaririn ake tsira wa, a yi ta jira har a haihu, lokaci ya wuce. "Allurar ƙarfafa huhu" kuwa ta yi kama da tallar mai magani a kasuwa; gobe masu asma za su zo nema.

5/ "Nunar da huhu" ta burge ni, sai dai mangwaro ya faɗo mini a rai, kuma a rubuce nuna ta nuni da nuna ta 'ya'yan itace duk ɗaya ne.

6/ Ni dai na tsaya kan "allurar ƙosar da huhu". Mun saba cewa hatsi ya ƙosa, rago ƙosasshe. Na gwada ta a kan wata Hajiya mai jinyar 'yarta, ba ta tambaye ni komai ba, sai ta ce, "To, a yi mata mana." Mutanen Damagaram da Maradi, ku yaya kuke cewa?