Bernie Sanders: butulu ne ko ba butulu ba ne?

Ɗan Zango: Jama'a, yabon da ake yi wa Bernie Sanders ya ishe ni. Wai shi ne gatan baƙin haure a Amurka. Mutumin da yake zaune a majalisa a matsayin indifenda, sai neman shugaban ƙasa ya taso, 2016 da 2020, ya ari rigar Democrat. A jiharsa ta Vermont yakan shiga zaɓen fid da gwaninsu, ya ci, sannan ya ƙi karɓar tikitin. A Yunin 2007 kuma yana cikin waɗanda suka kayar da ƙudurin da zai buɗe wa miliyoyin marasa takardu hanyar zama 'yan ƙasa. Butulu ne kawai.

Malam Na-Kwari: Ƙanena, janye kalmar nan. Butulu shi ne wanda ka yi wa rana ya yi maka dare. A 2021 Majalisar Dattawa ta tsaya 50 da 50. Cire Sanders da Angus King, wanda shi ma sanata indifenda ne da ke zama tare da su, saura 48 a hannun Democrat. Da me Chuck Schumer zai zama shugaban masu rinjaye?

Ɗan Zango: Malam, ai ba a banza ya yi ba. A shekarar suka ba shi shugabancin kwamitin kasafin kuɗi. Ya ci tuwonsu, ya ƙi amsa sunansu.

Hajiya Babba: To wannan ciniki ne, ɗana, ba butulci ba. Ka ba ni, in ba ka.

Baban Yara: Hajiya, in ciniki ne, me ya sa a 2019 sai da ya sa hannu a takardar alƙawarin cewa a matsayin ɗan Democrat zai yi takara? Ana rantsar da wanda aka yarda da shi?

Malam Na-Kwari: Duk 'yan takarar aka buƙaci su sa hannu. Kuma ya mara wa Hillary Clinton baya a Yulin 2016, ya mara wa Biden a Afrilun 2020. Maganar 2007 ma ku san yadda take. Ana buƙatar ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara a je ga zartarwa, aka samu 46, masu adawa 53. Ƙuri'arsa ɗaya ba ta cike giɓin 14. Dalilinsa shi ne shirin ma'aikatan wucin gadi: bizar lebura tana ɗaure da mai gidansa, in ya yi ƙorafin albashi a sallame shi, zamansa ya ƙare. Ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO ma ta ƙi ƙudurin.

Ɗan Maraɗi: Ku bar 2007, ku dubi 2013. Ƙudurin shige da fice da ya wuce a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 68 da 32, wanda Sanders ya goya wa baya, a cikinsa akwai soke cacar biza ta DV, mai gurbi har 55,000 a shekara. Ƙofa ce da 'yan Afirka da yawa suka shiga ta nan. Allah ya sa John Boehner, kakakin Majalisar Wakilai a lokacin, bai kawo shi gabanta ba.

Baban Yara: Ku ta shafa. Mu tun daga DV-2015 aka cire Najeriya, don waɗanda suka shiga cikin shekara biyar sun haura 50,000.

Ɗan Maraɗi: Yallaɓai, don an rufe muku sai a rufe wa Nijar da Ghana? Wannan hassada ce.

Baban Yara: Wa kake ce wa mai hassada? Girmama na gaba da kai.

Hajiya Babba: Ku yi haƙuri don Allah, ba wannan aka zo yi ba.

Malam Na-Kwari: Tunda ni ke kula da zauren, ga abin da aka tsayar. Kalmar butulu ba ta tabbata ba, kowa ya ga Sanders ya riƙe wa Democrat amana, kuma ƙuri'arsa ta 2007 kare lebura ya yi. An rufe.

Ɗan Zango: Malam, wa ya tsayar? Tikitin Vermont da yake ƙin karɓa har yanzu ba wanda ya amsa mini.