Wace hujja ce ke ƙarfafa shaidar yaro a kotu?

Assalamu alaikum. Lauyoyi da malaman fiƙihu, don Allah ku warware mini wannan.

An sace babur ɗin yayana a ƙofar shagonsa a Argungu. Ɗansa mai shekara 11 ne kaɗai ya ga wanda ya tura babur ɗin, kuma ya san shi sarai, ɗan unguwa ne. Magana tana gaban majistare. Mai gabatar da ƙara ya ce sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 bai yarda a rantsar da yaron da bai kai 14 ba, kuma ba a hukunta mutum da bakinsa kaɗai, sai an sami wata hujja daban da ta ƙarfafa maganarsa, ta kuma nuna hannun wanda ake tuhuma.

To me ake ƙirgawa a matsayin wannan hujja? Mai shayin layin ya ga mutumin yana zirga-zirga bayan isha'i, amma bai ga ya taɓa babur ba. Wani bakanike ya ce washegari mutumin ya kawo masa irinsa a canza makulli, lamba ce bai duba ba. Uwar yaron kuwa daga bakinsa ta ji a daren, nata ai maimaici ne, ko?

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, sashe na 200 ya ce ba a ƙayyade yawan shaidu ba. Sannan da a kotun shari'ar Musulunci muke, waɗannan bayanan za su shiga ƙarina ne, wato alamar da ke nuni ga abin da ya faru? Zaman gaba ya matso, muna so mu san wa za mu roƙa ya zo.