Dan Allah ku ba ni shawara, shekara ta kusa zagayowa da rasuwar ƙanina a hatsarin ƙaramin jirgi amma gidanmu ya ƙi komawa daidai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin dan Allah a ɓoye sunana.

Ƙanina ne ya rasu bara, yana karatun tuƙin jirgi a Afirka ta Kudu. Ya tashi a irin ƙaramin jirgin nan mai inji ɗaya da ake koyo da shi, tafiyar da ake sa ɗalibi ya yi shi kaɗai daga wani gari zuwa wani kafin a ba shi lasisi, a hanyar dawowa hadari ya taso, jirgin ya faɗi a bayan gari. Shekararsa 23. Musulman can ne suka yi masa sutura Allah ya saka musu da alheri, kawunmu ya je ya taho da shi a akwati a rufe yace kar a buɗe, aka yi masa sallah a nan Kano aka kai shi. Umma bata ga fuskarsa ba.

To tun daga ranar har yau Umma bata dawo daidai ba wallahi. Muna kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano, duk jirgin da ya wuce ta saman gidan sai ta ajiye abin da ke hannunta ta shige ɗaki, kuma kun san ba sau ɗaya suke wucewa a rana ba. Ɗakinsa ta hana a taɓa, kullum da dare sai ta kunna saƙon muryarsa na ƙarshe da yake ce mata Umma a sa ni a addu'a gobe zan tashi ni kaɗai, wani lokacin kuma sai ta ce min ke kin tabbata shi ne a cikin akwatin nan? Abba kuma ko sunansa baya so a ambata, da an fara maganar sai ya ɗau buta ya fice masallaci, ya rame sosai amma kana tambayarsa yace lafiya lau. Ga ƴan uwa da baki, akwai wadda ta zo gaisuwa ta ce wai an sayar da gona an saya wa yaro ajali, a kunnen Abba ta faɗa.

Yanzu abu biyu ne suka haɗe min. Umma tana so ranar da ya cika shekara a yi taro a yi sauka a dafa abinci a raba, Abba yace ba a gidansa ba, rabon da su yi doguwar magana tun sati biyu. Na biyu rahoton bincike ya fito, na karanta da kyar, sun ce ya shiga gajimare ya daina ganin ƙasa jirgin ya kuɓuce masa. Ni kaɗai na sani. In faɗa musu ko in yi shiru? Ina tsoron Abba ya ɗauka laifin yaron ne ko nasa. Ni ce babba, kowa ni yake kallo, nima ban samu na yi kukana ba.

Maman Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya ba ku dangana. Wallahi na kasa ƙarasa karantawa sai da na tsaya.

Abu Sumayya:
Allah ya gafarta masa. Ƴar uwa gaskiya Abbanku ne a kan daidai, sadakar uku da bakwai da arba'in da cikar shekara duk ba su da asali, Annabi SAW ya rasa ƴaƴa da mata da baffa bai taɓa ware rana don wani ba. Ku yi masa addu'a kullum shi ne.

Ɗan Tudun Nufawa:
Malam Abu Sumayya a bi a hankali. Iyayenmu da malamanmu sun yi sauka sun yi sadaka kuma ba jahilai ba ne, akwai saɓani a maganar kai ladan karatu ga mamaci tun da can. Uwa ce fa take neman abin da zata riƙe.

Abu Sumayya:
Ban ce kar a yi sadaka ba, ware ranar nake magana.

Admin:
Dan Allah kar a mayar mana da nan filin muhawarar Izala da Ɗariƙa, baiwar Allah shawara ta nema. Duk wanda ya ci gaba zan goge.

Malama Ummu Abdallah:
Allah ya kai haske kabarinsa. Ƴata, ni a ganina Umma ba taro take nema ba, so take a gidan nan a yarda an taɓa yin yaron nan, a kira sunansa ba tare da wani ya tashi ya fita ba. Abba kuma ba mantawa ya yi ba, tsoron ranar yake. In kin duba da kyau akwai abin da duk su biyun za su yarda da shi. Sa'ad bin Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi SAW wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya yace wannan ta Ummu Sa'ad ce. Kin ga har da suna a ciki. Kuma Annabi SAW bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da naman, shekaru bayan ta tafi. Wannan babu malamin da zai ce miki a'a. Kuɗin da za a kashe a rumfa da kujeru da shinkafa a tara a yi rijiya ko famfo a unguwar da ke wahalar ruwa, ko a ɗauki nauyin karatun wani maraya tunda shi ma a neman ilimi ya tafi, ba sai ranar ba, kafin ta ko bayanta. Umma ta dafa abincin da ya fi so ta aika wa abokansa, wannan hakkinta ne.

Sannan a daina ce mata ta yi shiru. Kwana uku da ake faɗa na barin ado ne da zaman makoki, matar aure kuma wata huɗu da kwana goma, ba a sa wa zuciya wa'adi ba. Annabi SAW ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, yace ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ita kuma mai maganar gona, a samu babba a dangi ya ja mata kunne, kalmar "da ba a yi kaza ba" an hana mu ita saboda ƙofar shaiɗan ce.

Kyaftin Ɗan Zazzau:
Allah ya jiƙan ɗan uwa. Ni matuƙi ne, a ƙaramin jirgi na fara kamar kowa, bari in yi magana a kan rahoton dan na ga shi ne ya fi cin ki.

Na farko ki sani rahoton hatsarin jirgi ba hukuncin kotu ba ne. Ƙa'idar duniya da ƙasashe suke bi ta faɗa ƙarara cewa ana yin binciken ne dan kar a sake, ba dan a ɗora wa wani laifi ba, ana fitar da na farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma ana so ya fito cikin wata 12 in ya samu. Haka hukumar binciken hatsari ta NSIB take yi a nan gida, haka ta can take yi. Kuma yawancin ƙananan jiragen koyo ba su da baƙin akwatin nan mai naɗar bayanai, daga tarkace da bayanan yanayi da maganarsa ta rediyo ake haɗa labarin.

Na biyu abin da suka rubuta ɗin, shiga gajimare. Mutum yana gane sama da ƙasa ne da ido da kuma wani abu a can cikin kunne. Da zarar ido ya daina ganin ƙasa sai kunnen ya fara yi maka ƙarya, jirgi yana karkata kai kana jin a miƙe kake, ka gyara abin da ba ya buƙatar gyara, duk cikin ɗan lokaci kaɗan. Tuƙi da na'urori kaɗai ba tare da kallon waje ba darasi ne mai zaman kansa da ake zurfafawa a gaba, ɗalibi a matakinsa ɗanɗano kawai aka ba shi. Wannan abin ne bincike ya ce ya ci John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, a watan Yulin 1999 shi da matarsa da yayarta, da dare a saman teku. Kuma yanayi baya duba girma, ranar 21 ga Mayu 2021 jirgin sojin sama ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna da Janar Ibrahim Attahiru da mutum goma, matuƙan soja ne ƙwararru a gaba, rundunar ta ce rashin kyawun yanayi ne. Saboda haka kar ki bari kowa ya karanta takardar nan ya ce yaro ya yi ganganci. Malami baya sakin ɗalibi ya tashi shi kaɗai sai ya sa hannu cewa ya iya.

Shawarata kar ki ɓoye. Rahoton a buɗe yake a intanet, gara su ji daga bakinki da wani ya turo wa Abba guntunsa a WhatsApp. Amma kar ki miƙa masa takardar ki tafi, Turancinta bushasshe ne babu tausayi a ciki, ki samu matuƙi ko malamin tuƙi ya zauna da shi ya yi masa bayani kamar yadda na yi miki. Umma kuma ki tambaye ta tukunna ko tana so ta ji, in tace a'a ki ƙyale ta.

Abu na ƙarshe, ku nemi littafinsa na rubuta awannin tashi in ba a kawo ba. Kowane ɗalibi yana da shi, duk tashin da ya yi da rubutun hannunsa, har ranar da ya fara tashi shi kaɗai.

Hajiya Yaya:
Ƴata ni a Gwammaja aka aurar da ni, ina nan ranar Asabar 4 ga Mayu 2002 da jirgi ya faɗo mana cikin gidaje, sama da mutum ɗari suka tafi, na rasa ɗan yayata da maƙwabta. Yayata bata ga gawa ba ita ma, shekara da shekaru in an ƙwanƙwasa ƙofa sai ta miƙe. Abin da ya ɗan kwantar mata da hankali wani dattijo ne da yana cikin masu ɗaukar mutane ranar, ya zo ya zauna ya faɗa mata inda ya same shi da kayan da ke jikinsa. Ta yi kuka kamar ranar aka yi, amma daga nan ta daina tambaya. Ku sa kawunku ya zo ya zauna da ita ya faɗa mata yadda aka tabbatar shi ne, wa ya yi masa sutura a can, ba sai ya siffanta mata rauni ba. Kun ɓoye mata dan tausayi, ita kuma ɓoyewar ce ta bar ta da kokwanto. Maganar ƙarar jirgi kuwa ba zan miki ƙarya ba, ni har yau gabana yana faɗuwa, sai dai ya ragu.

Sadiq Barça:
Allah ya jiƙansa. Anti ni Abba nake ji wa. Kin tuna Emiliano Sala ɗan ƙwallon Ajantina da ƙaramin jirgi ya faɗi da shi a teku a Janairun 2019 yana hanyar Cardiff daga Nantes? Wata uku bayan nan babansa ya rasu, zuciya ce, yana da shekara 58. Kowa uwa yake lallashi, uba kuma a ce namiji ne. A gwada masa jini dan Allah.

Nas Maijidda:
Sadiq ya faɗi gaskiya. Rama da ƙin magana da rashin bacci a dattijo ba abin wasa ba ne, a duba hawan jini da suga. Umma kuma tunda an kusa shekara abin bai sassauta ba har yana hana ta harkokinta, a kai ta ta ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ba hauka ba ne kuma ba rashin tawakkali ba ne, ana haɗawa da addu'a. Saƙon muryar kar a goge kar a ƙwace wayar, ki ma tura shi wani wajen ki adana dan waya tana lalacewa. In da hali ta je wajen ƴan uwa nesa da filin jirgi ta yi ko sati biyu a kwanakin da ranar zata zo. Ke kuma fa, wa yake jin naki?

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, na karanta duka har wanda aka goge. Hajiya na kira kawu jiya da dare, ya yi shiru ya daɗe sannan yace dama abin yana damunsa, zai zo ranar Juma'a bayan masallaci. Kyaftin littafin yana cikin jakar da aka kawo, tana ɗakinsa ba wanda ya buɗe, zan tambayi Umma ko zamu buɗe tare. Maganar rijiya ban kai wa Abba ba tukunna, ina so baffanmu ya fara yi masa dan ya fi jin maganarsa. Anti Maijidda tambayarki ta ƙarshe bani da amsa wallahi. Amma ya zan yi in kai Abba asibiti, mutumin da ko Panadol sai an yi da gaske?

Nas Maijidda:
Kar ki ce masa dan shi ne. Ki ce Umma za a kai kuma ba zata yarda ba sai da shi, in sun je ki riga ki sanar da likitan a gefe ya gwada su duka biyun. In ya ƙi fita, abin awon jini na hannu ana samu a kemis, ki fara gwada kanki a gabansa sannan Umma sannan shi. Ki rubuta abin da ya nuna safe da yamma na kwana uku ki turo min ta akwatin saƙo.