Wace kalma za mu ba "throughput" da "user selection"?

Malamai, ina neman taimako. Kwana biyu ke nan ina fama da waɗannan kalmomi a wani rubutu kan turakun sadarwa masu tarin eriya, irin na 5G da ake jera wa eriya 32 ko 64 a allo guda.

Ta farko mutane da yawa suna ce mata "gudu". Ni dai ban gamsu ba. Gudu na wayar mutum ɗaya ne, shi yake gani in yana sauke bidiyo. Abin da injiniya yake aunawa kuwa shi ne yawan bayanan da suka isa lafiya cikin daƙiƙa guda, bayan an cire waɗanda suka lalace a hanya aka sake turo su. Wani ɗan'uwa ya kawo "kwarara". Tana da daɗin faɗa, amma ruwa yana iya kwarara ya zube a ƙasa bai kai ko'ina ba. Shi ya sa na fi karkata ga "isarwa", in kuma ta dukkan wayoyin da ke ƙarƙashin turken ce, mu ce "jimillar isarwa".

Ga inda bambancin yake fitowa. A 2016 masu bincike a jami'o'in Bristol ta Ingila da Lund ta Sweden sun gwada allo mai eriya 128 a kan zangon rediyo mai faɗin megahaz 20, wato haz miliyan 20. Da wayoyi 12 suka samu bit (mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai) 79.4 a daƙiƙa kan kowane haz. Da suka kai wayoyin 22 sai adadin ya haura zuwa 145.6. Kowace waya ba ta ƙara wani gudun kirki ba, jimillar ce ta kusa ninkawa, domin duk suna karɓa lokaci guda a kan zango ɗaya. Wannan shi ne tunanin da Thomas Marzetta ya shimfiɗa tun 2010, lokacin yana cibiyar bincike ta Bell Labs.

Ta biyun ce ta fi ba ni ciwon kai. Na fara rubuta "zaɓen masu amfani", na karanta da ƙarfi, sai dariya ta kama ni. Bahaushe zai ji kamar ana ware mutanen kirki ne daga marasa amfani!

Kuma ma ba mutum ɗaya-ɗaya turken yake dubawa ba. Eriyoyin suna haɗa kai su harba wa kowace waya nata siririn sigina. In wayoyi biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ko ɗaya a bayan ɗaya ta fuskar turken, saƙonninsu sai su cakuɗe, raba su kuma ya cinye ƙarfin da za a yi aiki da shi. To sai turken ya ɗauki ɗaya yanzu, ya bar ɗayar sai zagaye na gaba, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Tambayar a kullum ita ce: su wa za su zauna lafiya tare? Har wanda ke can gefe da raunin sabis dole a riƙa sako shi ciki, ko da jimillar isarwa za ta ɗan ragu, in ba haka ba na kusa su cinye komai.

Don haka na tsaya a kan "zaɓen rukuni". Wata 'yar'uwa ta ce "tsamo" ya fi gajarta, na kuma yarda ya gajarta, sai dai ba ya nuna dacewar da ake nema tsakanin wayoyin. Malaman harshe, "rukuni" ko "ayari", wanne ya fi zama a kunne?