Ayabata ta tsaya cak a cikin bokiti, don Allah ku ba ni shawara

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, bayanin zai ɗan yi tsawo, amma abin ya dame ni ƙwarai. Da muna zaune a gida mai tsakar gida, sai aikin maigida ya sa muka koma haya a hawa na biyu, ɗaki biyu da wata 'yar baranda da ba ta wuce shimfiɗar tabarma ɗaya ba. Ni tun farko ban so tashin ba, har sai da muka ɗan samu saɓani a kai, amma makarantar yara ta yi nisa daga can, ga rufin yana yoyo an yi gyara an gaji. Ranar da za mu tashi, maƙwabciyata da muka yi zaman amana ta haƙo min ɗan ayaba daga gindin tata, ta ce in tafi da shi in riƙa tunawa da ita. Baiwar Allah ce da ko haihuwar 'yan biyuna ita ta tsaya min, shi ya sa nake ji da shukar nan.

Na dasa ta a bokitin fenti. Da farko kusan kowane mako sai ta warware sabon ganye. Yanzu ta haura shekara, ta tsaya. Ganyen ƙasa suna yin rawaya daga baki, su bushe, su karye su rataye. Sabon da ke fitowa kuma kullum ya fi na baya ƙanƙanta. Ta fito da 'ya'ya uku a gindi, amma babu fure babu alamarsa. Ruwa kuwa safe da yamma, ban taɓa fashi ba. Maigida ya ce in zubar da ita, wai ta cinye wurin shanya. Me zan ba ta ta yi nono?

Anti Mai Fulawa:
Wa alaikumus salam. Ƙishirwa ce kawai, 'yar uwa. Ayaba 'yar fadama ce, ba ta ƙoshi da ruwa. Ki ƙara mata na rana, ya zama sau uku, za ki ga canji.

Baban Lambu:
Hajiya, kar ki ƙara ko kofi ɗaya sai kin amsa min tambayoyin nan. Bokitin lita nawa ne? Huji nawa kika yi masa a ƙasa? Awa nawa rana take dukan barandar? Kuma uwar da aka ciro ta a jiki, doguwa ce ko gajera?

Amma ko ba ki amsa ba na san ciwon. Bokitin fenti yawanci lita 20 ne, kuma wannan gidan yaye ne, ba gidan zama ba. Mutane suna ɗaukar ayaba bishiya ce, alhali ba ta da itace ko kaɗan. Abin da kike gani a tsaye kamar kara, gindin ganyaye ne suka naɗe juna. Ainihin jikinta yana cikin ƙasa, dunƙule kamar kan gwaza, daga nan saiwa take fita, daga nan 'ya'ya suke tsirowa, daga nan furen yake tasowa ya bi ta tsakiya ya ɓullo a sama. Sai ta yi ganye wajen 30 zuwa 40 kafin ta yi fure, kuma abincin da wannan kan ya tara shi ne zai yanke girman nonon. To kan ya cika bokiti, saiwa ta zagaye ta rasa hanya, ga baki huɗu a kwano ɗaya. Ina za ta samu ƙarfin fure? Ki nemi rabin durom na roba, abin da bai gaza lita 60 ba, in ya kai 100 ya fi. Ki cire 'ya'yan nan duka uku. Magana ta ƙare.

Maman Biyu:
Na gode Baba. Amma bokitin nan babba ne fa, ba irin ƙaramin ba. Kuma a ciki ta yi duk girman da ta yi, da bai ishe ta ba ai da tun farko za ta ƙi. 'Ya'yan kuwa gaskiya ba zan iya cire su ba, su ne kaɗai koraye shar a jikinta. Ni dai sunan taki nake nema.

Ɗan Haya:
Hajiya ke kin ma yi sa'a an bar ki kin ajiye. Ni mai gidanmu hawa ya yi saman rufi ya ga buhunan shukata, ya ce ko in sauke su ko in nemi wani gida, wai danshi zai fasa masa rufin. Shi kuwa tankin ruwansa kullum yana ambaliya a wurin, bai taɓa gyarawa ba. Mai haya dai ba shi da baki. Allah ya ba mu namu.

Anti Mai Fulawa:
Amin. Mu ma haka muka yi fama da ta ƙasanmu, ganye ɗaya ya faɗa mata sai ta hau sallama.

Uwar Gida Sabuwa:
Ni tambayata, wai ana samun ayaba daga iri? Na saya a intanet, an sa hoton wata 'yar gajera cike da nono a cikin tukunya. Aka kawo min wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu tauri, na shuka na yi ta jira har na gaji. Ɗaya ce ta tsiro. Na koma wa mai sayarwar ya toshe ni.

Baban Lambu:
An cuce ki, 'yata. Ayabar da ake ci ba ta da iri, kuma ba ta buƙatar barbara kafin ta yi 'ya'ya, shi ya sa guda ɗaya tal a baranda za ta iya yin nono. Da ɗan gindi ake yaɗa ta, ko dashen da aka raina a ɗakin gwaji. Mai ƙwaya ta daji ce ko ta ado, in ma ta yi 'ya'ya ƙwallaye ne cike da ciki. Wanda ke son ta tukunya ya nemi Dwarf Cavendish, tsayinta yana tsayawa wajen mita 2, ko Super Dwarf Cavendish da ba ta cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Shi ya sa na tambayi Hajiya tsayin uwar, ta yi shiru. In doguwa ce mai kai mita 4 ko 5, ko durom guda aka ba ta rufin baranda zai tare ta.

Maman Biyu, maganar taki kuma tunda shi kike so: ayaba mayunwaciya ce, kuma abin da ta fi ci shi ne sinadarin fotasiyam. A jikin buhun takin zamani na NPK shi ne lamba ta uku, ki nemi wanda lambarsa ta ƙarshe ta fi girma. Rawayar da ke farawa daga bakin tsofaffin ganye alamarsa ce. Kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu, nesa da gindi, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. In za ki sauya mazubi, ki zuba tsakuwa a ƙasa tukuna don ruwa ya riƙa wucewa.

Kawu Na Gona:
Duk wannan dogon turanci ne. Toka da kashin kaji, shi ke nan. Kakanninmu ba su san wani NPK ba kuma ayaba ta yi musu.

Ɗalibar Noma:
Kawu, gaskiya ne toka tana da fotasiyam, amma a gona ƙasa tana da faɗin da za ta shanye ta. A bokiti in ta yi yawa tana juya ƙasar ta zama mai kanwa-kanwa, ayaba kuwa ta fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan. Ɗanyen kashin kaji kuma yana ƙona saiwa, sai wanda ya ruɓe ya huce.

Baba, da girmamawa, abu biyu ban yarda da su ba. Tsakuwa a gindin mazubi ba ta sa ruwa ya wuce. Ruwa ba ya saurin barin ƙasa mai laushi ya shiga mai manyan ƙofofi sai ta jiƙe sharkaf, don haka tsakuwar ɗaga jiƙaƙƙen wurin take yi zuwa kusa da saiwa, ta kuma rage wurin ƙasa. Huji masu yawa da ƙasa mai sako-sako su ne magani: ƙasa mai kyau, ruɓaɓɓen taki, da yashi mai manyan ƙwayoyi ko ɓuntu. Na biyu, kar ta cire 'ya'yan duka. Kowane kara sau ɗaya yake yin nono ya mutu, ɗan da ke gindi shi ne magaji. A bar ɗaya, wanda ganyensa sirara ne masu tsini, shi ne mai ƙarfi don yana manne da uwar sosai. Masu faffaɗan ganye tun suna ƙanana su ne ragwaye.

Kuma rawayar ganye ba lallai yunwa ba ce. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan taki ko an tula mata. Anti Maman Biyu, har yanzu ba ki faɗi maganar huji ba.

Baban Lambu:
Yarinya, tun kafin a haife ki nake zuba tsakuwa a tukwane, ban ga wadda ta mutu ba. Abin da ke cikin littafi daban, abin da hannu ya sani daban. Magaji kuma ai sai uwa ta rayu ake maganarsa. A lita 20 ko ɗa ɗaya kaya ne. A cire duka, in ta samu sabon gida za ta fito da wasu, ayaba ba ta rowar 'ya'ya.

Maman Biyu:
Huji akwai, guda ɗaya na yi da ƙusa mai zafi. Sai dai da na ƙasanmu suka yi ƙorafi ruwa yana ɗiga musu a kan shanya, sai na saka bokitin a cikin baho. Ruwan da ya taru ina barinsa ne don ta riƙa sha a hankali in na fita. Ai hakan ya fi a ce ta bushe.

Ɗalibar Noma:
Anti, ga ciwon nan kin faɗa da bakinki. Ayaba tana son danshi, amma ba ta jure kwana a cikin ruwa, saiwa ma numfashi take yi. Ki zare ta daga bokitin ki duba. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari. In kin ga baƙa mai laushi tana wari, ki yanke da wuƙa mai tsabta, in ruɓar ta taɓa kan ki fere har ki kai fari. Ki ƙara huji, ki ɗora bokitin a kan bulo biyu a cikin bahon yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba, ki riƙa zubar da abin da ya taru. Ban ruwa kuma ki bar bin agogo, ki tura yatsa cikin ƙasa, in saman ya sha iska ki ba ta har ya fito ta ƙasa. Kar ki sa taki sai ta fara sabon ganye.

Anti Mai Fulawa:
To ni dai tawa sau uku nake ba ta kuma lafiyarta ƙalau.

Baban Lambu:
Ayabarki a rana take wuni, Anti, na ga hotonta. Wannan ce tambayata ta uku da ba a amsa ba. Maman Biyu, rana fa?

Maman Biyu:
Tana shigowa da safe, kafin ƙarfe 11 ta wuce, don akwai wani bene a gabanmu. Amma wurin da haske sosai, ba duhu ba ne. Kuma ta maƙwabciyar tawa a gefen bishiya take, inuwa tana rufe ta, ga shi duk shekara tana yi.

Baban Lambu:
To Hajiya, zan faɗa miki abin da ba ki so. Haske daban, rana daban. Ayaba tana son rana ta dake ta aƙalla awa 6, ke kuwa da ƙyar kike samun 3. Ta maƙwabciyarki saiwarta tana yawo a ƙasa yadda ta ga dama, kuma kanta yana leƙa sama. Ko a gona, daga dashe zuwa yanka ana cin wata 9 zuwa 15, a tukunya yakan kai shekara biyu, bayan fure ma sai an ƙara wata 3 ko 4 kafin ta ƙosa. Wannan duk da cikakkiyar rana ne. A barandarki ki riƙe ta a matsayin ado, ta yi miki ganye mai kyau. Nono kam ki cire rai.

Ɗan Haya:
Kuma ku da kuke ta cewa rabin durom, kun san nauyinsa? Jiƙaƙƙiyar ƙasa lita 80 tana iya haura kilo 100. A hawa na biyu! Ranar da mai gida ya gani za ta ji irin abin da na ji.

Kawu Na Gona:
Ki mayar wa maƙwabciyar ta dasa miki a ƙasa, in ta yi ta aiko miki.

Maman Biyu:
Haba Kawu, kyauta ce fa, ina zan kai fuskata in mayar? Na gode muku duka, Allah ya saka. Amma gaskiya ban jin zan zare ta, tsoro nake kar in taɓa saiwar ta ƙarasa mutuwa. Durom kuma babu wurinsa, maigida ma bokitin yake wa ido. Na dai barbaɗa mata toka kaɗan yau da safe, na rage ruwan bahon zuwa rabi. Akwai wadda ta turo min saƙo ta ce in jiƙa ɓawon ayaba in riƙa ba ta ruwan. Wa ya taɓa gwadawa?

Ɗalibar Noma:
Abin da ke fita daga ɓawon cikin ruwa bai taka kara ya karya ba, sai dai ya tara miki ƙananan ƙudaje. Anti, ko ba za ki yi komai ba, ki zubar da ruwan bahon nan duka.

Baban Lambu:
An tambaye mu, mun faɗa, an zaɓi toka. Nan da wata biyu za a dawo da hoton busasshen kara a ce taki ne bai yi ba.

Uwar Gida Sabuwa:
Baba, to ita wannan guda ɗayar da ta tsiro min, bayan ganyenta ya yi wasu ɗige-ɗige da saƙa kamar ta gizo. In cire ta ne ko akwai abin da zan fesa?