Wai hannu ya isa a gane jijiyar da ta matsu, ko sai MRI?

Ɗan Aji Huɗu: Salam jama'a. Yau wani babbanmu ya ce wai in mutum ya zo da ciwon kugu mai sauka ƙafa, shi da auduga da tsinke da ɗan hamarsa kawai zai faɗa maka wace jijiya ce ta matsu tun kafin a kawo hoton MRI, injin nan mai nuna cikin jiki. Ni dai gsky ban gamsu ba, cika baki ne irin na manya.

Oga Fiziyo: Ba cika baki ba ne ƙanena. Jijiyoyi 31 ne ke fitowa daga laka ta kowane gefe, 8 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a kugu, 5 a ƙashin ƙasan kugu, sai ɗaya can ƙarshe, kuma kusan kowacce da yankin fatarta da tsokar da take motsawa; ana kiransu da harafi da lamba daga sama zuwa ƙasa, C na wuya, T na gadon baya, L na kugu, S na ƙasan kugu, ƙasusuwan bayan ma haka ake kiransu. Ka ce ya ɗaga babban yatsan ƙafarsa sama kai kana dannewa, in yatsan ya biyo ka ba ƙarfi kuma bayan ƙafar ba ya jin audugar sosai to L5 kake nema. In kuma ya kasa yin ɗage da ƙafa ɗaya, ka buga hama a jijiyar dunduniya shiru, gefen ƙaramin yatsa ba ji, S1 ce. Dama sama da kashi 90 na faifan kugu, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙashin baya da ƙashin baya, da ke zamewa tsakanin L4 da L5 ne ko L5 da S1, ina abin mamaki a nan?

Anti Likita: Oga a hankali dai, kar ka sa yaro ya ɗauka taswirar nan ta fata wahayi ce. Ku buɗe littafi biyu ku gani ko zanen ya zo ɗaya. Foerster, likitan Jamus, a 1933 ya fitar da tasa daga mutanen da ya yanke wa jijiyoyi a tiyata, Keegan da Garrett a 1948 suka kawo wata mai dogayen layuka tun daga baya har yatsu, kuma har yau duka biyun ake bugawa. Tun kafin su Sherrington ya nuna a jikin birai cewa yankunan suna hawa kan juna, ka yanke jijiya guda ɗaya maƙwabtanta na sama da ƙasa su rufe mata, mutum ya ce maka yana ji lafiya lau alhali jijiyar ta tafi.

Oga Fiziyo: Anti ai shi ya sa ban ce fata kaɗai ba. Uku ake haɗawa, ji da ƙarfin tsoka da bugun hama. Kuma akwai wuraren da kusan kowa ya yarda, babban yatsan hannu C6, na tsakiya C7, ƙarami C8, kan nono T4, cibiya T10.

Anti Likita: Tsokar ma ba jijiya ɗaya ke riƙe da ita ba, wadda ke ɗaga ƙafa sama L4 da L5 ne suka haɗa mata kai. Kuma mai ciwo yakan ƙi sa ƙarfi saboda zafi, kai ka rubuta ƙarfin tsokarsa 4 cikin 5 alhali tsoro ne.

Mai Hoto: Toh kun ga ni kuka dawo wa. Duk wannan lalube na mene ne? A sa mutum a inji a ga komai ƙuru-ƙuru. Misali faifan L4 da L5 yawanci L5 yake dannewa, amma in ya fita can gefe sosai L4 zai kama, hannunka zai ce maka L4 ka tafi neman matsala a hawa na sama, ba nan take ba. Wane likitan tiyata ne zai yanka bayan mutum da auduga?

Oga Fiziyo: Babu, kuma ba wanda ya ce a yi. Amma malam hotonka ma yana da nasa. A 1994 an yi wa mutum 98 da ba sa ciwon baya ko kaɗan MRI a Amurka, kashi 52 faifansu ya kumburo, kashi 27 ya ɗan fito ma. Lafiyayyu fa. Yanzu ka ba wa ɗan kasuwa takarda an rubuta faifai uku sun taɓu, ya daina barci, ya sayar da fili, alhali ciwon nasa daga mahaɗin ƙashin cinya da kwankwaso ne ko ma suga ce ta cinye masa jijiyoyin ƙafa biyu daga yatsu zuwa sama kamar ya sa safa. Hoton ba ya faɗa maka wanne ne ke ciwo, sai ka taɓa mutum.

Ɗan Aji Huɗu: Hmm wannan ta suga ban taɓa haɗa ta da maganar ba wlh.

Oga Fiziyo: Ga wata. Mutum ya zo yana jan ƙafa, ba ya iya ɗaga ta, kowa ya ce L5 a tafi hoton baya. Tsaya tukuna, ka ce ya karkato tafin ƙafar ciki kai kana turewa. In da ƙarfi, to da alama bayansa ƙalau, jijiyar da ke zagaya gefen gwiwa ta waje ce aka danne, irin mai doguwar jinya a kwance gefe ɗaya ko wanda aka yi wa ɗauri ya matse. In nan ɗin ma ba ƙarfi sai ka koma L5. A yara kuma ka tambayi uwa ko an yi masa allura a ɗuwawu, muna ganinsu da yawa. Hoton kugu me zai nuna maka a nan?

Mai Hoto: Naji wannan, amma ban sauka daga kan maganata ba, wanda ya kai sati shida ba sauƙi ko ƙarfi na raguwa a turo min shi.

Sista Mai Dare: Ku yi ta musunku, ni abu ɗaya nake roƙo dan Allah. Duk mai ciwon kugu ku tambaye shi fitsari da bayan gida, ku tambaye shi in ya yi tsarki yana jin ruwan a wajen ko a'a. Kunya ke hana su faɗa kuma ku ma kunyar ke hana ku tambaya. In tsakanin cinyoyi ba ji, fitsari ya ƙi fita, wannan jijiyoyin S2 zuwa S4 ne, ba maganar gashi ko motsa jiki, a ranar ake neman hoto da likitan tiyata. Haka mai rama da zazzaɓin dare da ƙashin baya ya fara tudu, ku tuna tarin fuka na kama ƙashin baya.

Mai Hoto: Yauwa Sista, Allah ya biya ki.

Anti Likita: Ba kai ta goya wa baya ba fa, tambaya ce da taɓawa suka gano shi kafin ya iso wajenka.

Ɗan Aji Huɗu: Toh Anti ni har yanzu gwajin fatar ne ke ba ni haushi, duk wanda na taɓa sai ya ce eh ina ji.

Anti Likita: Don kana tambayar kana ji ne. Sa shi ya rufe ido, ka taɓa hagu ka taɓa dama a wuri ɗaya ka ce ɗaya ne ko da bambanci. In ya ce nan ya fi, ka ce in wancan naira ɗari ne wannan nawa ne, zai ce maka hamsin ko talatin. Sai ka fara daga inda ba ya ji kana matsawa da tsinken a hankali har ya ce yauwa nan na ji, ka sa biro ka yi alama a fatar.