Gyaran injin 1HZ a gida: ringi kaɗai, ko a sauke shi gaba ɗaya?

Ɗan Hotoro: Assalamu alaikum 'yan zaure. Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, injin 1HZ, tana aikin gona tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Tana shan baƙin mai kusan lita ɗaya duk kilomita 500, hayaƙinta shuɗi-shuɗi, da safe kuma sai an daɗe ana murza ki. In an cire murfin zuba mai tana huro iska. A gida nake so a yi aikin. Ringi kaɗai zan canza ko a sauke injin? Wane kaya zan saya?

Na Kurna: Wa alaikumus salam. Sayi ɗan Kwatano ka ɗora, ka huta.

Baba na Ƙofar Ruwa: Ɗan Kwatanon ma ba ka san me ke cikinsa ba sai ka buɗe. Ɗan Hotoro, kada ka sayi ko noti ɗaya tukuna. A fara auna matsin silinda: inji ya ɗau ɗumi, a cire hita (masu ɗumama silinda kafin tashi) duka shida, a zare wayar da ke tsayar da gas a jikin injekta (famfon da ke tura gas), sannan a murza. Silinda mai lafiya yana ba da kilo 37 zuwa sama a agogon awon matsi. Ƙasa da 27 ya gama aiki. Kuma kada tazarar silinda da silinda ta wuce 5.

In duka shidan sun yi ƙasa tare, yawanci ƙura ce ta cinye bangon silinda. Nan ne ake tafka asara. Mutum zai sa sabon ringi a ramin da ya riga ya buɗe daga sama, ya tsuke daga ƙasa. Wata biyu motar ta yi shiru, daga nan hayaƙi ya dawo, an yi asarar gasket da baƙin mai da kuɗin aiki. Sa farcenka a bakin ramin daga sama. In ya maƙale a wata gaɓa, maganar ringi kaɗai ta ƙare. Asalin faɗin ramin milimita 94 ne. A kai bulok wurin masu borin su auna sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu. In ya ci, a faɗaɗa shi da milimita 0.50, amma sai fistin yana hannu, domin da shi ake daidaita ramin, ba da ka ba. 1HZ ba ya zuwa da silif (bututun ƙarfen da ake sa wa ramin silinda) daga kamfani, sai rami ya wuce gyara ake dasa masa.

Kiranshaf ma haka. In akwai zane a wuyansa a goge shi da milimita 0.25, a sayo metal (ƙarfen da wuyan ke juyawa a cikinsa) mai lamba ɗaya da gugar. Tazarar mai a metal ɗin kon-rod (sandar da ta haɗa fistin da kiranshaf) kada ta wuce milimita 0.10. Kuma kowane murfin kon-rod ya koma kan nasa, fuskarsa inda take. A yi masu alama tun kafin a kwance.

Ɗan Hotoro: Allah ya ƙara girma Baba. Ashe sai an sauke ke nan.

Direban Doguwa: Wannan ƙurar hanyar Falgore ba injin da za ta bari. Duba robar da ta taso daga gidan iyafilta zuwa inji. Shafa yatsa a cikinta, in ka ga jan gari to ga ɓarawonka nan.

Mai Nozul: Ku yi ta maganar ringi ku bar nozul, masu fesa gas cikin inji. Nozul mai ɗigo yana wanke man da ke bangon silinda, yana ƙona kan fistin, yana fasa 'yan ƙoƙunan nan da ke cikin kan inji. A kai duka shida a gwada a kan na'ura. Sabo yana buɗewa tsakanin kilo 145 da 155, feshinsa kamar hazo, ba tsartuwa ba. A canza wosha na ƙarƙashinsu, ba a maimaita su. Injekta kuma kada kowa ya kwance ta a tsakar gida.

Na Kurna: Kowa dai kasuwarsa yake tallatawa a zauren nan.

Mai Nozul: Malam, ɗora tsohon nozul a kan sabon fistin ka dawo bayan damina mu ji labari.

Injiniya: Ƙari a kan na Baba, batun kan inji. Gasket ɗinsa ba kauri ɗaya ba ne. Bayan an ɗaura fistin sai a auna yadda kowanne ya leƙo sama da fuskar bulok, da wannan awon ake zaɓar kauri. In ka sa siriri inda ake son mai kauri, fistin zai yi kusa da bawul fiye da kima. In ka sa mai kauri babu dalili, matsi ya ragu, wahalar tashin safe ta dawo. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar kan, in lanƙwasa ta wuce milimita 0.20 bai dace a mayar da shi haka ba. A duba tsaga tsakanin bawul da bawul.

Ɗaurin kusoshin kai: daga tsakiya ake farawa a fita gefe, a kai su 69 Nm da sifana mai awo, sannan a ƙara juya su digiri 90, sannan wani 90. A ɗiga fenti a kan kowace kusa don a ga juyinta. Kon-rod 37 Nm da juyin digiri 90. Ramukan kusoshi a busar da su, in mai ko ruwa ya kwanta a ciki zai iya tsaga bulok. Tazarar bawul a sanyi: na shiga milimita 0.15 zuwa 0.25, na fita 0.35 zuwa 0.45, kuma da shim (ɗan faifan ƙarfe mai kauri daban-daban) ake saita ta, ba noti.

Na Kurna: To in an gama a cire masa tamostat. Zafin Kano a watan Afrilu ba na wasa ba ne.

Injiniya: A'a wallahi. Tamostat ɗinsa wajen digiri 76 yake buɗewa, kuma shi ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji. In babu shi wani ruwan ba zai bi ta lagireto ba. Inji mai zafi lagiretonsa ake wankewa, a duba kulocin fanka da famfon ruwa.

Na Kurna: Rabin motocin garin nan babu tamostat suke yawo.

Direban Doguwa: Su ba sa hawa tudu da buhu talatin na masara a baya.

Alhajin Sharaɗa: Don Allah wa ya san inda ake samun murfin lagireto na asali? Na kasuwa sati biyu robarsa ke tsagewa.

Baba na Ƙofar Ruwa: Alhaji zan yi maka magana ta gefe. Ɗan Hotoro, tunda a gida ne, tsabta ta fi kayan aiki. Bayan borin a wanke ramukan da ruwan zafi da sabulu, a goga farin ƙyalle har ya fito fari tas, a shafa mai nan take. Kananzir kaɗai ba ya fitar da garin dutsen guga. A bi hanyoyin mai da iska, har 'yan bututun da ke fesa mai a ƙarƙashin fistin. In iskar hunturu ta taso a rufe komai da leda, ko sallah za a tafi. Bakin ringi kada su haɗu a layi ɗaya, kuma gefen da ke da rubutu shi ke kallon sama. Gam a shafa kaɗan, wanda ya yi yawa yana ɓallewa ya toshe rariyar famfon mai. Ka nemi sarƙar ɗaga inji da ƙarfe mai ƙafa uku, ba igiya da reshen darbejiya ba.

Mai Nozul: Tayimin bel sabo, tare da abin da ke matse shi. In ya tsinke bawul da fistin ne za su gwabza.

Ɗan Hotoro: In an haɗa, a bar shi yana aiki a tsaye kwana ɗaya kamar yadda ake yi?

Injiniya: Kada ka yi. Dogon silo yana sa bango ya yi santsi ringi ya ƙi zama. A fara murza shi babu hita babu gas har fitilar mai ta mutu. In ya tashi a duba yoyo, sannan a hau titi da kaya matsakaici, ana sauya gudu. A zubar da mai da filta wajen kilomita 1,000.

Direban Doguwa: Akwai wanda ya taɓa ɗora wa 1HZ tobo a cikinku?

Baba na Ƙofar Ruwa: Wannan sai a buɗe masa zance na daban, yana matse iska fiye da ninki 22, fistinsa ba na tobo ba ne. An kira Magariba. Ɗan Hotoro, turo mana awon silinda shidan in an yi.